Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Yadda Ake Tsara Gwajin Buɗaɗɗiyar Manhaja

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Birnin Kebbi ko Argungu ya san cewa idan hunturu ya ja jiki, ƙura ta turnuƙe, aka doshi bazara, to lokacin sanƙarau ya ƙarato. Jihar Kebbi tana cikin wani zirin ƙasa da ya miƙe daga Senegal har zuwa Habasha, inda wannan ciwo yake yawan ɓarkewa a lokacin rani. A shekarar 1996 mutane fiye da 100,000 ne suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 an sake samun wata annobar a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, wadda ta ci rayuka fiye da 1,100. Ko a 2025 ma ciwon ya ɓulla a Gwandu da Jega da Aliero.

Babban makamin yaƙi da irin wannan annoba shi ne lokaci. Idan aka gane da wuri cewa masu kamuwa suna ƙaruwa a wata gunduma, sai a hanzarta kai magani da allurar rigakafi. Ganewar kuwa ta dogara ne ga ƙidaya, ƙidayar kuma a yau na'ura mai ƙwaƙwalwa ce take yin ta, bisa jerin umarnin da wasu mutane suka rubuta mata, wato abin da ake kira manhaja. To, wa yake tabbatar da cewa manhajar ba ta yin kuskure a lissafinta? Wannan maƙala za ta bayyana ɗaya daga cikin manyan dabarun da ake bi, wato gwajin gaɓa-gaɓa, da yadda ake tsara shi. Ɗalibin kimiyyar halittu zai tarar cewa ya daɗe da sanin tushen dabarar tun daga ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu.

Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja?

Manhaja iri biyu ce. Akwai wadda kamfani yake ɓoye rubutun umarninta, ya sayar wa mutane damar amfani da ita kawai. Akwai kuma buɗaɗɗiya, wadda kowa yake da izinin karanta rubutunta, ya gyara, ya rarraba. Fitacciya a cikin buɗaɗɗun ita ce Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya ba da sanarwar fara ta ranar 25 ga watan Agusta 1991, kwana biyu kacal kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi.

Biyu daga cikin manhajojin da ma'aikatan lafiya suke amfani da su a Nijeriya buɗaɗɗu ne. Ta farko ita ce DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe take jagorantar gina ta. An fara aiki da ita a jihar Kerala ta Indiya a 2006, yanzu kuma ƙasashe fiye da 70 suna tara bayanan asibitocinsu a cikinta. Ta biyu ita ce SORMAS, wadda aka faro bayan cutar Ebola ta shigo Legas a 2014, da haɗin gwiwar masana na Nijeriya da na cibiyar Helmholtz ta ƙasar Jamus. An jarraba ta a jihohin Kano da Oyo a 2015, kuma aikinta shi ne bin sawun cututtuka masu yaɗuwa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa irin wannan aiki yake amfana da hannaye masu yawa. Sai dai yawan hannun yana da nasa hatsarin. Mai gyara a Hanoi bai san mai gyara a Abuja ba, kuma yana iya taɓa layi ɗaya a nan ya lalata wani abu a can ba tare da ya sani ba. Dole ke nan a sami wani alƙali da ba ya barci, ba ya kuma jin kunyar kowa, wanda zai duba kowane gyara kafin a karɓe shi.

Ƙaramin kuskure, babbar hasara

Ranar 4 ga watan Yuni 1996 rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta. Bincike ya nuna cewa an ɗauko wani sashe na manhajar tsohuwar roka Ariane 4 aka saka mata. Sabuwar ta fi gudu, saboda haka wata lamba ta zarce 32,767, wato iyakar abin da gurbin da aka tanadar mata zai iya ɗauka.

A watan Oktoba 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa mutum 15,841 da suka kamu da cutar korona sun ɓace daga ƙidayarta. Dalili kuwa shi ne an yi amfani da tsohon salon jadawalin Excel, wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Duk abin da ya haura haka sai ya zube, ba tare da wani gargaɗi ba.

Masana kimiyyar halittu ma ba su tsira ba. Akwai wata ƙwayar gado da ake rubuta sunanta SEPT2. Idan aka shigar da sunan cikin Excel sai ya ɗauka kwanan wata ne, ya mai da shi 2 ga Satumba. A 2016 wasu masana a Ostireliya suka gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na maƙalun da suka duba masu ɗauke da irin wannan jadawali suna da wannan kuskure. Daga baya sai da kwamitin da yake raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya sunayen, SEPT2 ta koma SEPTIN2.

Abin lura a nan shi ne, a duk misalan uku na'urar ta bi umarnin da aka ba ta sau da ƙafa. Matsalar ta taso ne a wani lungu da ba a taɓa tambayar ta ba.

Daga kwalbar aidin zuwa kwamfuta

Kowane ɗalibin babbar sakandare ya san gwajin sitaci. Idan aka ɗiga ruwan aidin a kan abin da yake da sitaci, launinsa yakan rikiɗe daga ruwan ƙasa zuwa shuɗi mai duhu, kusan baƙi. Amma malami mai taka-tsantsan ba ya fara ɗiga shi a kan ganyen da ake bincike. Yakan fara ɗiga shi a kan kokon gero ko dafaffiyar shinkafa, inda ya tabbata akwai sitaci, sa'an nan a cikin tsabtataccen ruwa, inda ya tabbata babu. Idan kokon bai yi baƙi ba, aidin ɗin ya lalace. Idan ruwan ya yi baƙi, kwalbar ba ta wanku ba. Sai an tabbatar da ingancin ma'auni a kan abin da aka san amsarsa kafin a amince da shi a kan abin da ba a sani ba.

Haka abin yake a bikin kamun kifi na Argungu. Idan masunta suka fito daga Matan Fada da manyan giwan ruwa, sikeli ne yake raba gardamar wanda ya zo na ɗaya. Hanyar sanin gaskiyar sikeli kuwa ita ce a ɗora masa ƙarfen awo wanda aka riga aka san nauyinsa, a ga ko zai faɗi daidai.

Manhaja, kamar jikin ɗan Adam, gaɓoɓi ne suka haɗu suka tayar da ita. Kowace gaɓa ɗan guntun umarni ne mai aiki guda: a ba ta wasu lambobi ko kalmomi, ta sarrafa, ta mayar da amsa. Gwajin gaɓa shi ne a ware gaɓa ɗaya, a ba ta tambayar da aka riga aka san amsarta, a kwatanta. Wani ɗan guntun umarni ne kuma yake yin kwatancen, saboda haka ana iya maimaita shi sau dubu ba tare da kowa ya gaji ba.

Misali: gaɓar da take lissafin annoba

A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2014, idan yanki yana da jama'a tsakanin 30,000 da 100,000, ana kallon iyakoki biyu. Idan waɗanda ake zaton sun kamu da sanƙarau a mako ɗaya suka kai 3 cikin kowane mutum 100,000, an kai iyakar gargaɗi, sai a fara bincike da shiri. Idan suka kai 10 cikin 100,000, an kai iyakar annoba.

A ɗauka an ba wani matashi aikin rubuta gaɓar da za ta yi wannan lissafi. Kafin ya rubuta komai, sai ya ɗauki alƙalami ya tsara tambayoyinsa a kan wani yanki na misali mai mutum 60,000:

Mutum 1 a mako: 1.7 cikin 100,000. Amsar da ake jira: babu gargaɗi.
Mutum 2 a mako: 3.3. Amsar da ake jira: gargaɗi.
Mutum 5 a mako: 8.3. Amsar da ake jira: gargaɗi.
Mutum 6 a mako: 10 cif. Amsar da ake jira: annoba.
Mutum 0 a mako: 0. Amsar da ake jira: babu gargaɗi.
Babu rahoto a makon: Amsar da ake jira: ba a kawo rahoto ba.

Tambaya ta huɗu ita ce tarko. Idan matashin ya rubuta "ya fi 10" a maimakon "ya kai 10 ko ya fi", gaɓar za ta ce gargaɗi alhali annoba ce, a yi hasarar mako guda. Kurakurai sun fi yin sheƙa a bakin iyaka, don haka mai gwaji yakan tsaya a kan iyakar, da taku ɗaya kafin ta, da taku ɗaya bayanta.

Akwai wani tarkon kuma. A harshen Java, wanda da shi aka rubuta DHIS2 da SORMAS, idan aka raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba, na'ura takan jefar da ragowar. Saboda haka 6 a raba da 60,000 amsarta 0 ce, kuma 0 sau 100,000 ita ma 0 ce. Gaɓar da ta faɗa wannan rami za ta riƙa cewa lafiya lau ko da ciwo yana cin mutane. Gwaji na biyu kaɗai ya isa ya tona asirinta.

Tambaya ta ƙarshe kuwa tana raba abubuwa biyu da suka yi kama. Asibitin da ya ce bai ga kowa ba daban, asibitin da ambaliya ta yanke hanyarsa bai aiko da komai ba daban. Manhajar da ta mai da shiru ya zama sifiri tana kwantar wa hukuma da hankali a inda ya kamata ta tashi tsaye.

Sassan tsarin gwaji

Babbar manhaja tana da dubban gaɓoɓi, saboda haka tana bukatar dubban gwaje-gwaje. Abin da yake tattara su, ya gudanar da su, ya ba da sakamako, shi ake kira tsarin gwaji. Wani Ba'amurke mai suna Kent Beck ne ya fara fito da salon da ya yaɗu, a harshen Smalltalk. A 1997, a cikin jirgin sama daga Zurich zuwa Atlanta, shi da Erich Gamma ɗan ƙasar Suwizalan suka rubuta irinsa na harshen Java, suka kira shi JUnit. Daga nan aka kwaikwaye shi a kusan kowane harshen kwamfuta. Hikimarsa ita ce ana rubuta gwajin da harshen da aka rubuta manhajar, don kada mai aiki ya ga kamar an ɗora masa wani sabon karatu.

Mai tsara irin wannan abu yana bukatar ya tanadi sassa biyar.

Na ɗaya, gwajin kansa, wanda yake da matakai uku: shiri, aiki, tabbatarwa. A shirya lambobin, a kira gaɓar, a tabbatar da amsa.

Na biyu, shimfiɗa da kwashewa. Kafin kowane gwaji tsarin yakan shimfiɗa sababbin kayan aiki, bayansa kuma ya kwashe su, tamkar yadda ake wanke kwalaben gwaji tsakanin wannan aji da wancan.

Na uku, 'yan kwaikwayo. Gaɓar da take aika saƙon gargaɗi ta wayar salula bai kamata ta tayar da jami'in lafiya na gaske da tsakar dare ba duk lokacin da aka gwada ta. Sai a ƙera mata wani mutum-mutumi da zai karɓi saƙon ya ajiye, daga baya a duba abin da ya karɓa. Maharban da ma a kan zakara suke gwada dafinsu kafin su shiga daji, wanda shi ne asalin zakaran gwajin dafi.

Na huɗu, mai gudanarwa, wanda yake nemo dukkan gwaje-gwajen ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma faɗuwar ɗaya ba ta hana shi ci gaba da sauran.

Na biyar, rahoto. Bisa al'ada kore yana nufin an ci, ja yana nufin an faɗi. Amma ja kaɗai bai wadatar ba. Rahoto nagari yakan ce: a gwajin mutum 6 cikin 60,000, an jira annoba, an sami gargaɗi. Wanda bai taɓa ganin gaɓar ba ma zai san inda zai dosa.

Ƙa'idojin da ba a karyawa

Dole kowane gwaji ya tsaya da ƙafarsa. Idan na biyu ya dogara ga abin da na farko ya bari, ranar da aka sauya jerinsu sai a ga faɗuwar da ba ta da dalili.

Dole gwaji ya ba da amsa iri ɗaya kullum. Wanda ya dogara ga agogon na'ura ko ga intanet zai ci yau ya faɗi gobe, har mutane su daina kula shi. Maganin wannan shi ne a ba gaɓar agogon kwaikwayo wanda aka tsayar a kan ranar da ake so.

Dole ya yi sauri, domin gwajin da yake cin yini guda ba mai gudanar da shi sai an tilasta.

Dole a ga faɗuwarsa ko da sau ɗaya. Aidin ɗin da yake baƙanta komai, har da ruwa, ba shi da amfani. Shi ya sa masu aikin sukan lalata gaɓar da gangan, su ga ko gwajin zai yi ja.

Dole a nisanci bayanan majinyata na gaskiya. Rubutun buɗaɗɗiyar manhaja a bainar jama'a yake, kuma Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2023. Sunayen ƙirƙira kaɗai ake sakawa.

A ƙarshe, duk kuskuren da aka gano a fagen aiki, kafin a gyara shi sai an rubuta gwajin da yake kama shi. Wannan ya yi kama da yadda garkuwar jiki take riƙe kamannin ƙwayar cutar da ta taɓa shiga, don ta gane ta idan ta dawo.

A manyan ayyuka, duk sa'ad da wani ya aiko da gyara ta dandali irin su GitHub, na'ura takan gudanar da gwaje-gwajen da kanta, kuma ba a karɓar gyaran sai sun yi kore. Alƙalin da aka ambata a baya ke nan. Ana iya ganin girman lamarin a SQLite, wata ƙaramar ma'ajiyar bayanai da take cikin kowace wayar Android: rubutun gwaje-gwajenta ya ninka rubutun ita kanta manhajar fiye da sau 500.

Tambayoyin da sai ɗan gari

Tsarin gwaji ba ya ƙirƙiro tambaya, wadda aka ba shi kawai yake yi. A nan ne sanin ƙasa yake da daraja. Jihar Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21, daga cikinsu akwai Dandi mai hedikwata a Kamba, da Arewa Dandi mai hedikwata a Kangiwa. Gaɓar bincike da take tattaro duk sunan da yake ɗauke da kalmar Dandi za ta haɗe ƙidayar wurare biyu. Sunan Koko/Besse yana da karan tsaye a tsakiya, alamar da kwamfuta take fassarawa da wata ma'ana a adireshin intanet. Sunaye irin su Sa'adatu suna da alamar ɗauri, wadda takan rikita ma'ajiyar bayanan da ba a tsara da kyau ba. Ga kuma haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda idan manhaja ta zubar da su sai ƙafa ta koma kafa.

Ƙidayar makonni ma haka. A tsarin ƙasa da ƙasa na ISO 8601 mako yana farawa ran Litinin, kuma makon farko na shekara shi ne wanda Alhamis ta farko ta faɗo a cikinsa. Saboda haka 1 ga Janairu 2021 tana cikin mako na 53 na 2020, ita kuwa 30 ga Disamba 2024 tana cikin mako na 1 na 2025. Gaɓar da ta ɗauka kowace shekara mako 52 ce za ta ɓatar da rahoton mako guda, a daidai lokacin da kakar sanƙarau take kamawa.

Wanda ya san irin waɗannan abubuwa yana iya ba da gudummawa ko da bai ƙware a rubuta manhaja ba. Ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ko a Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, idan ya aika da tambaya ɗaya mai kyau aka karɓa, za a ci gaba da yin ta a kan kowane gyara muddin manhajar tana raye.

Iyakar gwaji

Masanin nan ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya yi nuni tun wajen 1970 cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya tabbatar da babu shi. Haka kimiyya take gaba ɗaya. Bugu da ƙari, lafiyar zuciya ita kaɗai da lafiyar huhu shi kaɗai ba sa tabbatar da cewa jiki yana aiki, shi ya sa ake ƙara wasu gwaje-gwaje na haɗuwar gaɓoɓi da na manhajar dungurungum. Kuma babu gwajin da zai gyara lambar da ma'aikaci ya rubuta ba daidai ba a rajistar asibiti.

Aiki a cikin aji

Malami yana iya koyar da wannan darasi ba tare da kwamfuta ba. A raba aji gida biyu. Rukunin farko su rubuta matakan lissafin iyakar annoba a takarda, ɗalibi ɗaya ya zama na'ura, ya bi matakan kamar yadda aka rubuta, ba ƙari ba ragi. Rukuni na biyu su shirya katuna, a gaba tambaya, a baya amsar da suka lissafa da hannu. Duk katin da ya kama kuskure maki ne ga rukuni na biyu, duk gyaran da ya sa katunan suka ci baki ɗaya maki ne ga na farko. Inda akwai kwamfuta, harshen Python kyauta ne, kuma yana zuwa da nasa tsarin gwajin mai suna unittest.

Kammalawa

Gwajin gaɓa-gaɓa tsohuwar ɗabi'ar ɗakin gwaje-gwaje ce da aka koya wa na'ura: a ware abu ɗaya, a san amsar tun kafin a tambaya, a wanke kwalba, a maimaita. Tsarin da aka gina a kan wannan ɗabi'a shi ne yake ba mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba damar gina manhaja ɗaya su kuma amince da ita. A yankin da mako guda na jinkiri yake iya zama sanadin rasa rayuka, ɗalibin da ya saba da tambayar ma'auni kafin ya yarda da awo ya riga ya kama hanyar wannan sana'a.